Gado da Tankaɗe: Yadda A Ke Neman Sabon Maganin Zazzaɓi

1. Damina a ƙasar Moriki

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta nufi Shinkafi, zai ratsa ta Moriki, tsohon gari mai sarauta a cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, damina kuwa ita ce babban jarinsu. Amma ruwan da ke raya gero da dawa, shi ne kuma ke cika kududdufai da fadamun Gagare da Bunsuru, inda sauro ke hayayyafa. Saboda haka daga watan Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da hatsi ke yin ƙarfi a gona, sa'an nan ne masassara ke yin ƙarfi a gida. Ɗakunan yara na asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi shekaru tana ba da taimako, a wannan lokaci ne su kan cika.

Abin ba na Zamfara kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kama mutane sau miliyan 263, ya kashe kimanin 597,000. Wajen rubu'in masu kamuwa a Nijeriya su ke, haka kuma kusan sulusin waɗanda su ka rasu, yawancinsu yara ƙanana.

Tun 2012 Hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yaran ƙasashen da ke gefen hamada maganin rigakafi kowane wata cikin damina. An fara gwada wannan a Katsina cikin 2013, ya iso Sakkwato da Zamfara cikin 2015. Masu rabo su kan bi gida gida, su ba kowane yaro daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59 magani na kwana uku. Wanda ciwon ya riga ya kama kuwa, a kan ba shi haɗin atimisinin.

To, ga inda damuwa ta ke. Dattawan Moriki ba su manta da zamanin kulorokwin ba, sa'ad da ƙwaya kaɗan mai araha ke sauke zazzaɓi. Sannu a hankali ya daina ci, har Gwamnatin Nijeriya ta janye shi daga matsayin maganin farko cikin 2005. Abin da ya sami kulorokwin yana iya samun wanda ya gaje shi. An riga an ga alamun haka a Kambodiya tun wajen 2008, a Ruwanda cikin 2020, a Uganda kuma cikin 2021. Tambayar da wannan takarda ke son amsawa ita ce: idan magani ya gaza, ina a ke samo wani, kuma ta wace hanya?

2. Gyaran kalmomi

Kafin a shiga bayani, wajibi ne a daidaita kalmomi, gama kalmar ƙwaya ta ɗauki kaya ya yi mata yawa. Ana cewa ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, ƙwayar jini, har da ƙwayar halitta, ga shi kuwa wannan magana ta shafi huɗu daga cikinsu a lokaci guda. Domin kada mai karatu ya rikice, za a bi wannan tsari.

Kowane abu mai rai yana ɗauke da rubutaccen umurnin ƙirarsa a cikin wani sinadari mai kama da zare, wanda masana ke kira DNA. Dukan rubutun nan gaba ɗaya za a kira shi kundin gado. Da haruffa huɗu kaɗai a ka rubuta shi. Kowane yanki na rubutun da ke ba da umurnin ƙera abu guda, za a kira shi sadarar gado. Abin da sadara ke umurni a ƙera shi ne furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki: wani dako ya ke yi, wani tsaron ƙofa, wani gini. Sa'ad da halitta ke hayayyafa, sai an juyi kundin nan kamar yadda almajiri ke juyar littafi, wani lokaci kuwa harafi ɗaya ya kan sauya. Wannan za a kira shi tuntuɓen alƙalami.

Tankaɗe sananne ne ga kowace mace mai tuƙa tuwo: a zuba gari a rariya, mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka masana ke yi wa sinadarai dubbai, su gwada su ɗaya ɗaya bisa ƙwayar cuta, su ware waɗanda su ka yi mata illa. Kalma ta ƙarshe ita ce makasa, watau wurin da idan an sami dabba a nan ba ta tashi. Furotin ɗin da magani ke kamawa har ƙwayar cuta ta mutu, shi ne makasarta.

3. Hanya ta farko: tankaɗe

Tankaɗe shi ne tsohuwar hanya. Cikin 1909 wani likitan Jamus, Paul Ehrlich, tare da abokin aikinsa Sahachiro Hata mutumin Japan, sun yi ta gwada sinadarai ɗaruruwa, har su ka dace da mai lamba 606, wanda ya zama maganin tunjere. Kulorokwin kansa a ɗakin gwajin kamfanin Bayer a ka fara haɗa shi cikin 1934.

Labarin atimisinin ya fi kowanne kusa da tunanin Bahaushe. Cikin 1967 Gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓi. Wata masaniya mai suna Tu Youyou, ita da mutanenta, su ka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani, su ka tatsi ruwan tsire-tsire wajen 200, su ka gwada bisa ɓeraye masu zazzaɓi. Wani tsiro ɗan'uwan tazargade ya nuna alama, amma yau ya ci, gobe ya ƙi. Sai da ta koma ga rubutun wani malami na ƙarni na 4, Ge Hong, ta ga cewa jiƙa ganyen a ke yi a ruwa a matse, ba dafawa ba, sa'an nan ta gane zafin wuta ne ke ɓata maganin. Cikin Oktoba 1971 gwaji na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar sarai. An ba ta kyautar Nobel cikin 2015. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai da a ka auna ta.

Abu biyu su ka sauya girman tankaɗe. Na farko, cikin 1976 William Trager da James Jensen a Niyok su ka gano yadda za a yi kiwon ƙwayar zazzaɓi a cikin jinin mutum a ɗakin gwaji, ba tare da majiyyaci ba. Na biyu, an ƙera injuna masu ɗiga ruwa a faranti mai ƙananan ramuka 384 ko 1,536, kowane rami da ɗan jini mai cuta da sinadari dabam. Bayan kwana biyu ko uku sai na'ura ta duba, ta nuna ramukan da ƙwayar ta daina girma. Ta haka ne cikin 2010 kamfanin GlaxoSmithKline ya tankaɗe sinadarai kusan miliyan 2 a ɗakin gwajinsa na ƙasar Sifen, ya sami 13,533 masu illa ga ƙwayar zazzaɓi, ya kuma bayyana su ga duniya kyauta.

Amma tankaɗe yana da makanta. Yana nuna cewa sinadari ya kashe, ba ya nuna yadda ya kashe. Wanda bai san makasa ba, ba zai san ko sabon maganinsa hanyar tsohon da ya gaza ya ke bi ba. Ba zai san ko akwai irin wannan furotin a jikin ɗan Adam, har maganin ya zama guba ba. Kuma idan ya so ya gyara sinadarin ya ƙara ƙarfi, lalube zai yi ta yi cikin duhu. An yi shekaru hamsin ana shan kulorokwin kafin a san sadarar da ta sa ya daina ci.

4. Hanya ta biyu: gado

Sanin gado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyi ya rataye domin iri, da makiyayin da ke zaɓen bijimi, duk aiki da shi su ke yi, ko da ba su rubuta ƙa'idarsa ba. Wanda ya fara rubuta ƙa'idar shi ne Gregor Mendel, cikin 1866, bayan ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake yana ƙidaya. Cikin 1953 James Watson da Francis Crick su ka bayyana siffar DNA, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka.

Cikin 2002 a ka gama karanta kundin gadon ƙwayar zazzaɓi mai tsanani, wadda ita ce ta fi yawa a Nijeriya. An tarar haruffansa sun kai wajen miliyan 23, sadarorinsa kuwa kimanin 5,300. Na ɗan Adam ya kai haruffa wajen miliyan dubu 3. Da a ka sami wannan kundi, sai masana da yawa su ka zaci aiki ya ƙare: a zaɓi furotin guda mai muhimmanci, a ware shi, a nemi sinadarin da zai toshe shi.

Abin bai zo da sauƙi haka ba. Sau da yawa sinadari ya kan kama furotin a cikin kwalba, amma idan an kai shi ga ƙwayar mai rai sai ya kāsa shiga, gama tana ɓoye ne a cikin jar ƙwayar jini, bayan shinge bisa shinge. Wani lokaci kuma a toshe furotin ɗin, ƙwayar ta sami wata hanya ta ci gaba da rayuwa. Har wa yau, babban rabo na sadarorin nan ba a san aikinsu ba. Cikin 2018 wasu masana a Amurka su ka yi ta ɓata sadarorin ƙwayar ɗaya ɗaya domin su ga wace ce ba ta rayuwa sai da ita, su ka ƙidaya 2,680. Wannan ya rage yawan wuraren nema, amma bai ba da magani ba.

Ashe ke nan kowace hanya da gurguntakarta. Mai tankaɗe yana da kibiya mai kisa, bai san inda ta ke sauka ba. Mai ilmin gado ya san makasa, ba shi da kibiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Haɗuwar hanyoyin biyu

Dabarar haɗa su tana da mataki biyar, kuma abin mamaki, taurin kan ƙwayar cutar shi ne a ke mai da shi ɗan jagora.

Da farko a yi tankaɗe bisa ƙwayar mai rai, a zaɓi sinadarin da ya kashe ta bai taɓa ƙwayoyin jikin mutum ba. Na biyu, a ɗauki ƙwayoyin zazzaɓi miliyoyi waɗanda duk daga uwa ɗaya su ka fito, kundinsu iri ɗaya, a riƙa sa musu sinadarin kaɗan kaɗan, ana ƙarawa, mako da makonni. Yawancinsu za su mutu. Amma a cikin taro mai yawa haka, ba a rasa wadda tuntuɓen alƙalami ya sauya mata siffar wani furotin, har sinadarin ya kāsa kama shi. Ita za ta rayu, ta hayayyafa. Na uku, a karanta kundin wadda ta rayu, a jera shi da na uwarta, harafi da harafi, a nemi inda su ka saɓa. Na huɗu, a maimaita aikin a kwalabe dabam dabam. Idan kowane karo a sadara ɗaya a ke samun sauyi, to, zato ya yi ƙarfi. Na biyar, a ɗauki ƙwaya wadda ba ta taɓa ganin sinadarin ba, a sauya mata wannan harafi da gangan. Idan ita ma ta gagari sinadarin, magana ta tabbata.

Misalinsa kamar garin da a ka kewaye da yaƙi ne. Wanda ya ga mutanen gari sun taru suna ƙara ƙaya da ƙasa a kusurwa ɗaya ta ganuwa, ya san ta nan ne hari ke yi musu ciwo. Sai dai a lura, wani lokaci sadarar da ta sauya ba ita ce makasa ba, mai tsaron ƙofa ce da ta koyi fitar da magani waje. Irin wannan ce a ka gano cikin 2000 game da kulorokwin. Ko wannan ma sani ne mai amfani, domin yana nuna ta inda magani zai gaza.

Ga yadda dabarar ta yi aiki a fili. Masanan kamfanin Novartis a Singafo da abokan aikinsu sun tankaɗe sinadarai wajen 12,000, su ka sami wani iri sabo, su ka gyara shi. Ɗakin gwajin Elizabeth Winzeler a Kalifoniya ya yi wata uku zuwa huɗu yana horar da ƙwayoyin zazzaɓi da shi har su ka yi tauri. Da a ka duba kundinsu, sai a ka ga sauyin a sadara ɗaya ya ke, mai suna PfATP4. An buga wannan cikin 2010. Bayan shekara uku masana a Ostareliya su ka nuna aikin wannan furotin shi ne kwashe gishiri daga cikin ƙwayar yana zubarwa waje, kamar mai kwarfar ruwa daga jirgi. Idan an tsai da shi, gishiri ya taru, ƙwayar ta kumbura ta mutu. An sa wa maganin suna sifagamin. Da a ka gwada shi bisa majiyyata 21 a ƙasar Tailan, rahoton 2014 ya nuna cewa cikin kimanin awa 12 ƙwayoyin sun ɓace daga jinin rabinsu.

Ta wannan hanya ce kuma a ka gano makasar wani magani da Jami'ar Dundee ta fito da shi cikin 2015, wanda ke hana ƙwayar ƙera furotin. Cikin 2018 mutanen Winzeler su ka ba da rahoton zuriya 262 na ƙwayoyin zazzaɓi da su ka horar da sinadarai 37, abin da ya zama kamar taswirar makasai. Wani magani kuma, ganafulasid, ya fito ne daga tankaɗen sinadarai fiye da miliyan 2. Cikin Nuwamba 2025 a ka sanar da cewa babban gwajin da a ka yi masa, haɗe da lumefantirin, bisa mutane fiye da 1,600 a ƙasashen Afirka 12, ya nuna bai gaza haɗin atimisinin ba.

Dabarar tana da wani amfani na biyu, watau gadi. Masanan Faransa sun yi shekara biyar suna horar da wata ƙwayar zazzaɓi ta ƙasar Tanzaniya da atimisinin. Cikin 2014 su ka sanar da cewa sauyin ya faɗa a sadara mai suna kelch13, kuma sun tarar da sauyi a wannan sadara a jinin majiyyatan Kambodiya waɗanda magani ke jinkirin yi musu aiki. Tun daga nan, ɗigon jini guda bisa takarda ya isa a san ko taurin ya iso wani gari. Haka a ka yi wa maganin rigakafin damina: an ɗebi jini a ƙasashe bakwai, har da Nijeriya, domin a ga ko ƙwayoyin sun fara gagararsa. Rigakafin da yaron Moriki ke sha, da irin wannan gadi a ke sanin ranar da za a sauya shi.

6. Amosanin jini

Akwai wani ciwo da ya ɗaure da zazzaɓi tun fil azal, shi ne amosanin jini, wanda a ke kira sikila. A nan kundin ɗan Adam ne a ke dubawa, ba na ƙwayar cuta ba. Cikin 1949 Linus Pauling ya nuna cewa himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iska cikin jini, shi ne ya bambanta ga masu ciwon. Vernon Ingram ya nuna cikin 1957 cewa bambancin a wuri ɗaya tak ya ke. Tuntuɓen harafi guda ne ke sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Me ya sa wannan harafi ya yawaita a ƙasar Hausa? Anthony Allison ya ba da amsa cikin 1954: wanda ya gaji harafin daga mahaifi ɗaya kaɗai, watau mai jinin AS, zazzaɓi mai tsanani bai cika kashe shi ba. Binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya su ka yi daga 1969 zuwa 1976 a ƙasar da ke cikin Jihar Jigawa a yau, ya tabbatar da haka a ƙauyukan Hausawa. An tarar wajen rubu'in jarirai AS ne, kimanin 2 cikin 100 kuwa SS, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu SS su ka wuce ƙuruciya a wancan zamani. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na haifar SS. Wannan ne ya sa Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure cikin 2024.

Wajen neman magani, an bi hanyoyin nan biyu. Ta hanyar tankaɗe, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya daga Rabaran Paul Ogunyale mutumin Oyo, ta gwada shi, ta sa masa suna Niprisan. Uku daga cikin kayan haɗinsa huɗu ba baƙi ba ne a kasuwar Shinkafi: masoro, da kanumfari, da karan dafi. Na huɗun itace ne ɗan'uwan madobiya. An fito da shi kasuwa cikin 2006 da sunan Nicosan, amma bayan 'yan shekaru sarrafa shi ya tsaya na wani lokaci saboda matsalar kuɗi.

Ta hanyar gado kuwa, an daɗe da lura cewa jariri ba ya nuna ciwon sai ya yi 'yan watanni, domin yana da wani himogulobin na ɗan tayi wanda ba ya lanƙwasa jini. Jiki ne ke rufe shi bayan haihuwa. Cikin 2007 da 2008, ta hanyar gwada kundin mutane dubbai, a ka gano sadarar da ke rufewar, BCL11A. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka su ka amince da wani magani, Casgevy, mai raunana wannan sadara a cikin ɓargon majiyyaci. Amma kuɗin da a ka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ga shi kuma sai babban asibiti. Wannan ba na talakan Moriki ba ne.

Saboda haka a ka koma ga haɗa hanyoyin. Cikin 2024 masanan Novartis su ka ba da rahoton cewa sun tankaɗe sinadarai bisa ƙwayoyin jini masu tasowa, suna neman wanda zai sake buɗe himogulobin na ɗan tayi. Da su ka samu, su ka bi sawunsa har su ka ga wani furotin ne mai suna WIZ ya ke rushewa, wanda da can ba a san yana da hannu cikin lamarin ba, su ka kuma tabbatar ta hanyar ɓata sadararsa da gangan. Burin shi ne ƙwayar magani ta haɗiya, wadda za ta iya kaiwa ƙauye. Kafin nan, abin da ke hannu shi ne haidurokziyuriya, wanda likitocin Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt su ka nuna cikin rahoton 2022 cewa ko kaɗan a ka ba yaro yana taimakawa wajen kare shi daga shanyewar ɓarin jiki.

Wajibi ne a yi hattara. Sanin makasa ba ya nufin magani ya tsira daga aibi. Akwai wani maganin amosanin jini, Oxbryta, wanda a ka ƙera bisa cikakken sanin furotin ɗin da ya ke kamawa, a ka amince da shi a Amurka cikin 2019, amma cikin Satumba 2024 kamfaninsa ya janye shi, domin an ga illarsa ta rinjayi amfaninsa. Daga ɗakin gwaji zuwa hannun majiyyaci a kan yi shekara goma ko fiye, kuma yawancin sinadaran da su ka fara tafiyar ba su kaiwa.

7. Rabon masu nazarin Hausa

Mai karatu zai iya cewa, wannan aikin likitoci ne da masana sinadarai, ina ruwan mai nazarin harshe? Ruwansa a wuri uku ya ke.

Na farko, rariya ba ta fid da abin da ba a zuba mata ba. Atimisinin daga tsohon rubutu ya fito, Niprisan daga bakin mai magani. Ƙasar Hausa tana da nata rumbu: sabara, da marke, da hano, da maɗaci, da rai-ɗore, da sauransu. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga cikin 1916, kuma daga 1975 Nina Etkin da Paul Ross sun yi nazarin magungunan wani ƙauye na ƙasar Kano. Amma suna ɗaya ya kan hau tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma ya kan amsa suna uku tsakanin Kano da Katsina da Zamfara. Wanda ya ji an ce tazargade 'yar'uwar tsiron Sin ce, ya ɗauka ita ce shi, ya yi kuskure mai haɗari, gama 'yan'uwantaka ba ta tabbatar da cewa sinadarinsu ɗaya ne ko yawansa ɗaya. Rubuta suna daidai, da garin da a ka ji shi, da sashen tsiron da a ke ɗiba, da ko jiƙawa a ke yi ko dafawa, aikin mai nazarin harshe da al'ada ne. Labarin Tu Youyou ya nuna cewa kalma ɗaya ta aikatau tana iya zama bambanci tsakanin samu da rashi. Haƙƙin wanda ya ba da sanin kuma, wajibi ne a rubuta shi tun farko.

Na biyu, gadin magani yana bukatar ɗigon jinin jama'a, ba ya kuwa halatta a ɗiba sai mutum ya fahimci dalili ya yarda. Uwar da ba ta ji bayani da harshenta ba, ba a ce ta yarda ba. Wannan yana bukatar kalmomi tsayayyu waɗanda malamin asibiti a Zurmi da mai shela a rediyo za su yi tarayya a kansu.

Na uku, abin da masana ke yi da gangan a cikin kwalba, shi ne ke faruwa a cikin jiki idan an sha magani rabi an ajiye saura, ko an sayi jabu mai ƙarancin ƙarfi. Raunanan ƙwayoyi su mutu, masu tauri su rage, sauro ya kwashe su ya kai maƙwabta. A yankin da rashin tsaro ya raba mutane da garuruwansu, ya kuma sa zuwa asibiti ya yi wuya, wannan haɗari ya fi girma. Idan an bayyana wa jama'a wannan da Hausa mai sauƙi, za su gane cewa cika kwana ukun nan na shan magani ba don yaron da ke kwance kaɗai ba ne, har da na gidan gaba.

Neman sabon magani tsere ne tsakanin masana da ƙwayar cuta, ita kuwa ba ta hutawa. Haɗa gado da tankaɗe ya rage wa masana lalube, ya sa sun san abin da su ke nema da kuma ta inda zai gaza. Amma maganin da ke hannu yau shi ne zai riƙe yaran Moriki har sabon ya iso, tsawon ransa kuwa ya dogara ga yadda a ke shan sa a kowane gida.